Kafin Ka Sare Gonar Akeshiya: Yadda Ake Gane Icen Da Ya Dace Da Takarda

Kawuna ya tsufa a sana'ar katako, tun zamanin da kafintoci ke cike da unguwar Anloga ta Kumasi kafin a mayar da su Sokoban. Wata rana bayan la'asar ya aika a kira ni gidansa a Aboabo. Yana da 'yar gona ta wajen Offinso, ya dasa akeshiya a ciki shekara bakwai da suka wuce, wani kuma ya gaya masa cewa irin wannan ice ne ake yin takarda da shi a ƙasashen waje, don haka kuɗi na nan tafe. Ya ce da ni, "Ɗana, kai da ka karanci itace, wannan nawa na takarda ne ko na gawayi?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba zan iya faɗa muku ba sai mun buɗe cikinsa."

Amsar ba ta yi masa daɗi ba, amma ita ce gaskiya. Sunan bishiya ba ya gaya maka abin da ke cikinta. Akeshiya biyu da aka dasa rana ɗaya suna iya bambanta, kuma a cikin bishiya guda ma icen da ke tsakiya daban yake da na kusa da ɓawo, na gindi daban da na sama. Mai sayen ice don takarda wannan bambancin yake biya ko ya ƙi biya. Abin da na bi da Kawu shi zan shimfiɗa a nan, domin na san akwai 'yan zango da dama masu irin wannan gona a Ejura, Techiman da Asante Akyem.

Fara da sanin wace akeshiya ce

A nan Ghana sunan akeshiya ya zama babbar riga, kowa na shiga. Mutane da yawa suna kiran Senna siamea da wannan suna, wato bishiyar nan mai furen rawaya tuli-tuli da ƙananan ganye jere a kan kara, wadda ake dasawa don itacen wuta. Wannan ba ita ce ta takarda ba. Haka kuma itatuwanmu na arewa masu ƙaya, bagaruwa da dakwara da farar ƙaya, da can masana suna sa su cikin Acacia, amma tarukan masana tsirrai na Vienna a 2005 da Melbourne a 2011 sun bar sunan ga na Ostareliya, namu suka koma Vachellia da Senegalia. Bagaruwa icenta mai nauyi ne, ja, mai tauri, ga karkacewa. Darajarta tana wajen majema da masu gawayi da masu ƙotar fartanya. Dakwara kuwa ƙaro ne arzikinta. Kada wanda ya sa ka sare su da sunan takarda.

Waɗanda duniya ke nufi idan ana maganar takarda su ne na Ostareliya da Niugini, marasa ƙaya. Babbarsu Acacia mangium. Dubi ganyenta: faffaɗa ne, guda ɗaya, yakan kai tsawon tafin hannu har ya wuce, da jijiyoyi huɗu a tsaye, furenta fari-fari kamar wutsiyar mage, gangar jikinta a miƙe. 'Yar uwarta Acacia auriculiformis ganyenta siriri ne, lanƙwasasshe kamar lauje, furenta rawaya, kuma takan rabu biyu ko ta karkace tun tana ƙasa. An kai mangium jihar Sabah ta Malesiya a 1966, daga nan ta bazu Indonesiya da Biyetnam, inda ake sare ta tana shekara shida zuwa takwas. A Biyetnam sun fi dasa ruwa-biyun da ke fitowa tsakanin waɗannan biyu. A Afirka ta Kudu kuma Acacia mearnsii ce, ana cin ɓawonta wajen jima, ana daddatsa icen a sayar. Gonar Kawu mangium ce, da 'yan auriculiformis a bakin iyaka.

Abin da mai yin takarda yake nema

Ka yaga takarda ka ɗaga ta ga haske, za ka ga ƙananan gashi a bakin yagar. Zaren ice ke nan. Ice cike yake da waɗannan zaruruwa, kowanne kamar ƙaramin bututu mai bango da kogo a tsakiya, an manne su da wani danƙo da ake kira liginin. Aikin masana'anta shi ne ta dafa gutsattsarin ice da sinadari har danƙon ya narke, zaren ya saki, ya zama ƙullu kamar na koko, a shimfiɗa shi ya bushe. A irin dahuwar da aka fi yi, kusan rabin nauyin busasshen ice ne ke fitowa ƙullu, sauran ya tafi cikin ruwan dahuwa.

Zaren akeshiya gajere ne, wajen milimita ɗaya, alhali na icen fain, bishiyar nan mai ganye kamar allura, yakan kai milimita uku ko fiye. Gajeren zare ba aibu ba ne. Shi ke ba da takardar rubutu mai santsi da takardar goge hannu mai laushi. Dogon zare kuma shi ke ba buhun siminti ƙarfi. Ban da zare, akwai hanyoyin ruwa, su ne ƙananan hudojin da kake gani a fuskar icen da aka yanke. Su ba su da amfani sosai ga takarda, idan suka yi yawa ko suka yi faɗi sukan ɓantaro daga fuskar takarda lokacin bugawa, su bar fararen ɗigo. Sai kuma maiƙo da launin da ke taruwa a zuciyar ice, waɗanda ke cin sinadari, su wahalar da faranta ƙullu. Saboda haka abu huɗu za mu duba: nauyin ice, siffar zarensa, yawan hanyoyin ruwa, da girman zuciya.

Zaɓen bishiyoyin gwaji

Kafin zarto ya taɓa komai, je ofishin gandun daji na gundumarka ka sanar da su, ko da kai ka dasa da hannunka. Takardar fitar da ice daga wurinsu take fitowa, kuma zarton inji sai da rajista.

A gona, kada ka zaɓi bishiyar da ta fi burge ka. Wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi. Na bakin gona suna samun rana da iska fiye da sauran, sun fi kauri, ba su wakiltar gonar. Shiga ciki, ka auna kaurin bishiyoyi da yawa a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, sannan ka ware aƙalla biyar: ɗaya babba, ɗaya ƙarama, uku matsakaita. Idan gonar tana da tudu da fadama, kowane ɓangare a ɗauki nasa. Bishiyar da ta jingina ka bar ta, domin a gefenta na sama takan yi wani irin ice na daban wanda take jan kanta da shi, kafintoci sun san shi, shi ne wanda ke yin gashi-gashi a bakin zarto. Kuma ka rubuta shekarar dashe daga takardarka ko tunaninka. A ƙasar da ke da damina biyu kamar tamu, zoben da ke cikin ice ba abin dogaro ba ne wajen ƙirga shekaru.

Bayan an kayar da bishiya, a yanko faifai mai kaurin santimita biyar a daidai ƙirji, sannan a kwata, rabi, da kashi uku cikin huɗu na tsawon gangar da za a iya sayarwa. Rubuta lambar bishiya da wurin yanka a jikin kowane faifai da fensir, ka saka shi a leda ka ɗaure nan take. Faifan da ya sha iska ya tsattsage ya ɓata maka awo, balle da hunturu.

Karatun faifai da ido

A nan Kawu ya fi ni gani, shekara arba'in yana kallon fuskar katako. Faifan mangium yana da zuciya mai ruwan ƙasa da farin gefe siriri. Auna faɗin kowanne. Zuciya tana girma da shekaru, kuma a cikinta maiƙo da launi suke. Kafinta yana son ta don kyau, mai takarda kuwa ya fi son ta kasance kaɗan. Wannan na cikin dalilan da ake sare ta takarda da wuri.

Danna tsakiyar faifan da farce ko bakin wuƙa. Idan ya yi taushi kamar soso, ko ya yi fari-fari yana ruɓewa, ko akwai rami, to ciwon zuciya ne, sanannen ciwon mangium. Ƙwayar cutar tana shiga ta kututturen reshen da ya karye ko inda aka yi sassabe da adda ba da kyau ba, bishiyar kuma tana tsaye kore shar, ba ka gane komai daga waje. Ƙirga faifai nawa ne suka kamu. Ga mai tsaga katako wannan asara ce babba. Ga mai takarda da sauƙi, amma ruɓaɓɓen ice ba ya ba da zare mai ƙarfi.

Daga nan ka ɗauki sabuwar reza ka feƙe ɗan wuri a fuskar faifan ya yi sumul, ka ɗiga ruwa, ka duba da madubin hannu mai ƙara girma sau goma. Duba kusa da cibiya, sannan kusa da ɓawo. Yawanci kusa da cibiya hudojin ƙanana ne kuma suna da yawa, can waje kuma sun fi faɗi amma sun ragu. Da ka ga wannan da idonka, ka fahimci cewa bishiya ba abu ɗaya ba ce.

Awon nauyi, wanda ya fi komai muhimmanci

Idan abu ɗaya kawai za ka iya yi, yi wannan. Abin da ake nema shi ne nauyin busasshen ice a cikin girman ɗanyensa. Daga kowane faifai a tsago siririn yanki daga cibiya zuwa ɓawo, a raba shi uku: na ciki, na tsakiya, na waje. A cire ɓawo. A jiƙa gutsattsarin cikin ruwa har su ƙoshi, kwana biyu ko uku.

Ɗora kofin ruwa a kan ƙaramin sikelin lantarki, irin na masu gwal ko masu gashin burodi, ka mayar da shi sifiri. Goge ruwan jikin gutsuren, ka soke shi da allura, ka nutsa shi duka cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Lambar da sikeli ya nuna a giram ita ce girman icen a santimita kubik, domin giram ɗaya na ruwa santimita kubik ɗaya ne. Rubuta. Sai busarwa: a tanda mai zafin digiri 103, har sai an auna sau biyu nauyin bai sake raguwa ba, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu. Shanya a rana ba ta wadatar, ko ya yi wata guda akwai sauran ruwa a ciki, lissafin zai fito sama da gaskiya. Irin wannan tanda akwai ta a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Fumesua, kan hanyar Ejisu, da sashen nazarin itace na jami'ar KNUST da ke Kumasi.

Sai ka raba busasshen nauyi da girman. A ce gutsure ya nuna 50 a ruwa, ya bushe ya koma giram 23; 23 a raba da 50 ya ba da 0.46, wato kilo 460 a kowace mita kubik. Mangium mai ƙananan shekaru yawanci tana tsakanin 400 da 500, auriculiformis ta fi ta nauyi, ruwa-biyun kuma yana tsakaninsu. Masu ƙullu sun fi son ice tsakanin 400 da 600. Dalilin a fili yake idan ka yi lissafi. Ice mai 450, idan rabinsa ne ƙullu, mita kubik ɗaya ta ba da kilo 225, sai an haɗa kusan mita kubik 4.4 kafin tan guda. Ice mai 550 yana ba da kilo 275, mita kubik 3.6 ta isa. Mota ɗaya, man fetur ɗaya, tukunya ɗaya, amma ɗaya ya fi kawo kaya. Idan nauyin ya wuce kima kuma, sinadari ba ya ratsa icen da kyau, zaren ya yi ƙarfin bango, takardar ba ta haɗuwa.

Za ka tarar na ciki ya fi sauƙi, nauyi yana ƙaruwa kana fita waje. Icen da bishiya ta yi tana ƙarama, zarensa gajere ne, bangonsa siriri. Da ta girma sai zaren ya ƙara tsawo da kauri. A nan akwai tarko. Kada ka haɗa awon uku ka raba uku kawai. Faifai mai santimita 10 daga cibiya zuwa ɓawo, santimita biyar na ciki kwata ne kawai na fuskarsa, biyar na waje su ne kashi uku cikin huɗu. Icen waje shi ne mafi yawan abin da za ka sayar, shi ya kamata ya rinjayi lissafi. Da na zana wa Kawu wannan a ƙasa da tsinke ya ce, "To ai shi ya sa gungumen sama ba ya auki." Haka ne, domin can sama duk icen ƙuruciya ne.

Wannan kuma shi ke faɗa maka lokacin sara. Wanda ya matsu ya sare a shekara uku ko huɗu, icen ƙuruciya ya sayar, mai sauƙi, mai gajeren zare. Wanda ya bari ta wuce goma, zuciya ta cika, ciwo ya samu lokaci, gara ya nufi masu katako.

Ganin zaren kansa

Wannan mataki na ɗakin gwaji ne, ba na gida ba, domin sinadaran suna ƙona fata da ido. Ana fere icen sirara kamar ashana, a zuba a kwalba da asid ɗin asetik mai ƙarfi da haidurojin faroksaid daidai wa daida, a ajiye a zafin digiri 60 kwana ɗaya zuwa biyu har su yi fari. A wanke, a girgiza, zaren ya warware, a rina shi da jan rini, a duba a na'urar ƙara girma. Ka roƙi a auna maka zare aƙalla 25 daga kowane gutsure, kuma a ba ka abu huɗu: tsawo, faɗi, faɗin kogo, kaurin bango. Ana auna su da maikuron, wanda dubunsa ne milimita ɗaya.

Da waɗannan kai ma za ka iya sauran. Ninka kaurin bango sau biyu ka raba da faɗin kogo; wannan shi ne ma'aunin Runkel. Ƙasa da 1 yana da kyau, domin zare mai siririn bango yana lotsewa ya kwanta kamar ganyen kaba a saƙar tabarma, ya riƙe ɗan uwansa. Misali zare mai faɗi 20, kogo 14, bango 3: shida a raba da 14 ya ba da 0.43. Wani mai kogo 8 da bango 5 kuwa 1.25 zai ba da, wannan yana tsayawa ƙiƙam kamar kara, takardarsa ta yi kauri amma ba ƙarfi. Sannan raba tsawo da faɗi: 1,000 a raba da 20 ya ba da 50, ana son ya wuce 33. Waɗannan lambobi manuniya ce kawai. Babban mai saye zai so ya dafa samfurin da kansa.

Wa zai saya?

Da na zo nan Kawu ya yi shiru, kuma nan ne zuciyata ta fi damuwa. Ghana ba ta da babbar masana'antar da ke dafa ice ta fitar da ƙullun takarda. An taɓa yin niyya: an dasa Gmelina mai yawa a Subri, kusa da Daboase, don masana'antar da ba a gina ba. A 1969 an shigo da bishiyar da yanzu ake kira York don a gwada ta wajen takarda, takardar ba ta zo ba, bishiyar ta mamaye dazuzzuka da gonaki a wajen Abofour da Offinso, manoma na fama da ita har yau. Mangium ma tana zubar da iri da yawa, kuma wuta tana tayar da shi, don haka mai ita ya riƙa lura da gonakin maƙwabta. A Indonesiya kuma, inda masana'antun suke, ruɓar saiwa da ciwon bushewa sun sa manyan gonaki sun bar mangium sun koma Eucalyptus pellita. Idan ka ga bishiyoyi suna mutuwa rukuni-rukuni, ko baƙin zane a cikin farin gefe, ka kai samfur Fumesua.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da maganar takarda, tambaye shi: ina za a kai icen, ta wace tasha, Tema ko Takoradi? Da tan zai saya ko da mita kubik, ɗanye ko busasshe? Idan da ɗanyen tan ne, kowace rana da icen ya kwana a ƙasa nauyinsa na raguwa daga aljihunka. Wa zai biya sara, ɓare ɓawo da mota? Ɓawo dole a cire shi, kuma yana saɓulewa da sauƙi ne kawai a kwanakin farko bayan sara, ya fi sauƙi da damina. Gawayi, yashi da leda ba sa shiga kayan takarda ko kaɗan, gonar da wuta ta lasa ta fita daga wannan kasuwa. A rubuta duk wannan kafin a kayar da bishiya ta shida.

Awon da ka yi bai faɗi ƙasa ba ko da mai takarda bai zo ba. Gungumen gindi mai kauri, mai lafiyayyar zuciya, na masu tsaga ne da masu fulawud, kuma kafintocin Biyetnam da irinsa suke kujerun da suke sayar wa Turai. Na tsakiya ya yi katakon ɗora kaya da turaku. Auriculiformis mai nauyi da karkatattun rassa gawayinsu yana da kyau. Kawu ya yanke shawarar rage gonar, a fitar da ƙanana da masu ciwo zuwa gawayi da turaku, a bar miƙaƙƙun su ƙara kauri. Faifan bishiyoyi biyar ɗin suna nan a shagonsa na Sokoban da lambobinsu, kuma mun sa alamar fenti a kan wasu biyar da za mu sake yankawa bayan shekara biyu mu gwada da waɗannan.